Ɗalibin Gusau bai guji karatu ba, wurin zama aka hana shi

Tun da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024, jami'o'in ƙasar nan ke kukan kuɗin lantarki, wasu har sun koma ba da wuta da ƙidayar awa. Abin da ya tunzura ni shi ne hukuncin da wasu malamai da iyaye suka ciro daga nan, wai ɗaliban yanzu sun ƙaurace wa laburare, ba a ganinsu sai a gindin bedi ko barandar masallaci suna latsa waya.

Mai faɗin haka ya gwada zama a rufaffen ɗaki a Gusau cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fanka a tsaye, ya ga ko zai kai ƙarshen shafi biyu. Ɗalibi inuwa yake bi da iska da wurin caji. Wayar da ake zarginsa da ita kuwa, a cikinta darasin yake. Malamin da ke ƙorafin shi ne ya tura takardun ta zauren WhatsApp na aji, kuma ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ba zai buga shafi ɗari a shagon fotokwafi ba. Idan batir ya mutu, karatun ranar ya mutu.

Babbar asarar ma ta dare ce. A ƙasa mai zafi irin tamu, bayan isha'i ne kai ke ɗaukar karatu, shi ya sa ɗalibai suka saba cika azuzuwa har asuba idan jarrabawa ta matso. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ɗalibanta da yawa haya suke kamawa a wajen makaranta. A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen ɗalibai a Sabon Gida, kusa da jami'ar, cikin dare, suka kwashi ɗalibai, akasarinsu mata. Bayan wannan, wane uba ne zai yarda 'yarsa ta taso daga aji ƙarfe goma sha biyun dare ta kama hanyar gida? Namiji yakan yi ƙundumbala ya kwana a kan benci. Ita mace dole ta koma ɗaki kafin magariba, ɗakin da mutum huɗu ko biyar ke ciki, ga risho ana girki, ga duhu. Gobe kuma takarda ɗaya za a miƙa musu a ɗakin jarrabawa.

Masu cewa "mu da fitilar ƙwai muka yi digiri" sun manta cewa a lokacinsu akwai gado da abinci a cikin makaranta, kuma ba wanda ke fasa ƙofa ya tasa su zuwa daji.

Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na zuwa, kuma ina ganin an fi son a zuba su a ginin da za a yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola tun 2019, mu kuma rana ba ta yi mana ƙaranci ba a Zamfara. A ware manyan azuzuwa biyu ko uku kusa da ɗakunan kwana, a sa musu sola da soket da masu gadi, a bar su a buɗe har asuba. A kuma gina wa ɗalibai mata isassun ɗakunan kwana a cikin katanga kafin a ƙara aza tubalin ko da ofis ɗaya.