Narkewar ƙanƙara tana kashe 'ya'yan fenguwin

Nan Legas, daga Agege har Obalende, za ka ji ana cewa tsuntsu fenguwin gwanin iyo ne, saboda haka narkewar ƙanƙarar Antaktika, nahiyar da ke can ƙarshen kudancin duniya, ba ta cutar da shi. Ba haka ba ne. Manyan ne ke iyo, ba 'ya'yansu ba. Nau'in da ya fi girma yana kiwon 'ya'yansa a kan ƙanƙarar teku. Macen tana yin ƙwai ɗaya wajen Mayu ko Yuni, namijin ya ɗora shi bisa ƙafafunsa fiye da wata biyu. Gashin ɗan tsakon yana jiƙewa, sai wajen Disamba yake samun wanda ruwa ba ya ratsawa. A Halley Bay, wani wuri a gabar tekun Antaktika, a 2016, ƙanƙarar ta tsage da wuri, kafin su sami wannan gashin, dubban 'yan tsaki suka mutu.