Kafin a buɗe manhajar aji biyar, a fara sanin inda yaran suka tsaya

Makarantu sun koma, an share azuzuwa, an buɗe sabuwar rajista. Nan da kwana kaɗan malamin lissafi na aji biyar zai hau allo da darasin da manhaja ta ce a fara da shi, alhali bai san ko rabin yaran da ke gabansa za su iya cire 27 daga 52 ba. Ra'ayina shi ne, a aji huɗu da biyar da shida, makon farko na zangon farko kada a koyar da sabon darasin lissafi ko ɗaya. A gwada yaran tukuna.

Wani zai ce ai ga sakamakon bara nan a ofishin hedimasta. To, me takardar ta gaya maka? Ta ce Audu ya ci 48 ya zo na tara. Na tara a cikin su wa? Kuma 52 ɗin da ya rasa, a ina ya rasa su? Takardar ba ta san wannan ba. Ga dogon hutu ya shiga tsakani, wasu sun yi shi a gona, wasu a talla, abin da aka haddace saboda jarrabawa ya zube. A yawancin makarantunmu na gwamnati kuma ba a cika maimaita aji ba, kowa wucewa yake yi. Shi ya sa sunan ajin yaro yana nuna shekarun da ya yi a makaranta ne kawai.

Irin gwajin da nake nufi ba a rubuta shi a allo a ce kowa ya kwafa. In aka yi haka a ajin da yara ke zaune kafaɗa da kafaɗa, amsar mutum biyar za ka tarar a takarda tamanin. A kira yaro shi kaɗai, ya zauna kusa da malam, ba bulala a hannu. A nuna masa lambobi masu ɗaya-ɗaya ya karanta, sai masu biyu-biyu, sai masu uku. In ya wuce, a ba shi tarawa mai riƙe ɗaya, sai debewa mai aro, sai sau, sai rabawa. Inda ya cije, nan ne matsayinsa, a rubuta a sallame shi da fara'a.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta daɗe tana gwada yara a haka, ɗaya bayan ɗaya, kuma tun 2005 take fitar da rahoton shekara-shekara a kan abin da yaran karkara suka iya. Daga can aka samo tsarin koyar da yaro daidai da matakin da yake, wanda ake kira TaRL. An gwada shi a Borno, an kuma gwada shi a Kano a ƙarƙashin shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, kuma 'yan aji huɗu zuwa shida aka nufa da shi. Wato malamai irinmu sun riga sun yi, a azuzuwa irin namu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan gwaji shi ne amsar da ba daidai ba. Ita ce ke da labari. Ka ba yarinya 52 a cire 27, ta rubuta 35. Kada ka yi saurin jan jar biro. Duba da kyau: ta ga 2 a sama 7 a ƙasa, ta ce ba a cire babba daga ƙarami, sai ta juya ta cire 2 daga 7 ta samu 5, ta cire 2 daga 5 ta samu 3. Yarinyar nan tana tunani, kuma tana da ƙa'idar da take bi, aro ne kawai bai zauna mata ba. Wanda ya rubuta 79 kuwa tarawa ya yi, alamar ce bai kula da ita ba ko bai gane ta ba. Ka ce wa wani ya rubuta ɗari uku da biyar, ya rubuta 3005, wannan gurbin lamba ne matsalarsa. Wani kuma zai rantse maka ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa biyu, tunda huɗu ta fi biyu. Duk su huɗun sifili za su samu a jarrabawa, amma ciwonsu daban-daban ne, kuma likitan kirki ba ya ba kowa magani ɗaya don kawai duk sun ce jikinsu ba daɗi.

Sai maganar harshe, wadda a nan nake samun saɓani da wasu abokan aiki. A tsohon tsarin iliminmu, daga aji huɗu ake komawa koyarwa da Turanci, kuma daidai nan ne lissafi ke fara zuwa da dogayen tambayoyi na zance. Yaro ya kasa, sai a ce ba ya ja a lissafi. Ka tambaye shi da Hausa mana: an sayi gyaɗa ta naira 350, an ba ka 500, nawa ne canji? Kafin ka rufe baki ya ce 150. Don haka a yi gwajin da Hausa, sa'an nan a sake tambayar da Turanci. In ya ci ta farko ya faɗi ta biyu, kun san ba lissafin ne ya kayar da shi ba. Haka nan mai rera biyu sau biyu huɗu har zuwa sha biyu ba tare da tuntuɓe ba, ka tsinko masa bakwai sau takwas daga tsakiya, ka ga ko sai ya koma farko ya rero.

Na san abin da za a ce: yara tamanin, malami ɗaya, ina lokacin? Mu yi lissafin, tunda shi muke magana a kai. Minti biyar kowane yaro, minti 400 ke nan. Ka raba a kwana biyar, yara 16 a rana, awa ɗaya da minti ashirin. Da nauyi, ban musa ba, musamman ga malamin da albashi bai shigo ba. Amma a kwatanta shi da zango guda cur ana koyar da kashi cikin ɗari ga yaran da ba su iya aro ba.

Gargaɗi ɗaya gare mu malamai: kada a karanta sakamakon nan a gaban aji, kada a jera na ɗaya da na ƙarshe, kada a ware benci a ce na dakikai ne. A raba su rukuni uku ko huɗu gwargwadon inda kowa ya tsaya, a ware ko da rabin awa kullum, masu lambobi su yi ta ɗaure tsinke goma-goma, masu debewa su yi aro da kwalaben lemo ko duwatsu, masu rabawa su ci gaba. Bayan mako shida a sake gwaji, wanda ya haye ya koma rukunin gaba.

Iyaye kuma ba sai kun jira makaranta ba. Yau da daddare ku rubuta wa ɗanku na aji biyar 52 a cire 27, ku zuba ido ku ga yadda zai yi, kada ku gyara masa. In 35 ya rubuta, ku kai wa malaminsa takardar gobe da safe.