Ranar da Ɗanjuma ya koma Anjuma

Aikin shi ne: fitar da takardun shaidar kammala horo na wata ƙungiya. Fom ɗin PDF guda ɗaya, sunaye daga rumbun bayanai, shirin da aka rubuta da yaren PHP ya zuba su a fayil ɗin FDF mai ɗauke da abin da za a cike, ya kira pdftk, manhajar sarrafa PDF, da umarnin cike fom fill_form, ya ƙara umarnin flatten a ƙarshe. Flatten ɗin dole ne, tunda bara wani ya buɗe takardarsa ya ƙara wa kansa maki. Idan an yi shi, rubutun ya manne a jikin shafi, gurbin cikewa ya ɓace, ba mai sake taɓawa.

Abin da ba a gaya maka shi ne, kafin pdftk ya manne rubutun sai ya zana shi da kansa, da font ɗin, wato salon haruffan, da aka ba gurbin. Mutumin namu mai tsara fom ya bar Helvetica, ita kuwa da WinAnsi take tafiya, haruffan Turawan Yamma zalla, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sunayen sun tafi lafiya lau, a tsarin UTF-16 mai ɗaukar duk haruffanmu, da alamarsa FE FF a gaba. A gwaji kuma da need_appearances aka duba, wato Acrobat, manhajar buɗe PDF, aka bar wa zanen, ba pdftk ba, komai ya fito tsaf. Da flatten ya shigo, harafin kawai ya zube. Ko tari pdftk bai yi ba.

Sai ranar taro. Ɗaki ya cika, an jera kujerun manya, mai gabatarwa ya ɗauki takardar farko ya kai lasifika baki: "Anjuma!"

Shiru. Ya sake, da ƙarfi wannan karon, har da jan wasali. Wata Hajiya a layin gaba ta mayar da jakarta cinya ta gyara zama, ta ɗauka an ɗage rabon. Wani a baya ya miƙe zai tafi salla. Shi kuwa mai takardar yana tsakiyar ɗakin cikin sabuwar shadda, yana jiran a kira Ɗanjuma. Mai gabatarwa ya juya takardar baya, ya dubi hasken fanka da ita kamar mai tantance jabun dubu, ya wuce ta gaba: "Asimu!" Ƙasimu ne. Daga nan Alhaji shugaba ya cire tabarau ya nemo ni da ido har bakin ƙofa inda nake riƙe da kwamfuta. "Malam, injin naka yunwa yake ji ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, font ne." Ya ce, "To a ba shi abinci." Aka kwashe da dariya, har mai ɗaukar hoto ya juyo da kyamara kaina.

Mai tsara fom ɗin fa yana wurin, yana shan lemo, yana dariya da su. Wannan bawan Allah shi ne ya sa wa gurabe suna Text1, Text7, Text7_2, sai da na bi su da dump_data_fields, umarnin da ke jero gurabe, ɗaya bayan ɗaya kafin na gane wanne ne suna wanne ne unguwa. Akwatin zaɓin nan ma na mace ko namiji, kowa ya san Yes da Off ake sa wa irinsa, shi kuwa sai ya sa Choice1, babban C kuma, in ka rubuta ƙarami akwatin ya fito wayam.

Daren nan na mayar da cikewar kan pdf-lib, wata manhajar PDF ta daban mai aiki a Node, maimakon pdftk: registerFontkit, embedFont da DejaVu Sans mai ƙugiyoyinmu duka, setText, updateFieldAppearances da font ɗin, sannan flatten. Ita pdf-lib ko ba komai tana da kunya, in ka bar ta da Helvetica tsayawa take ta ce WinAnsi cannot encode, ta nuna maka harafin.

Jiya mai tsara fom ɗin ya turo sabon fom, wai ya gyara kan takardar. Text7 ya koma Text12. Kuɗin man da na zuba masa tun azumi ma bai kawo ba.