Kan famfo na huɗu tun ƙaramar salla

Da kunne muke sanin zuwan ruwa a unguwarmu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Bututu zai fara tari, ya yi ta huci, ya bubbuga bango, sannan jan ruwa mai laka ya biyo baya. Daren Talatar makon jiya, wajen ƙarfe biyu da rabi, na ji wannan tarin, na zabura da fitilar waya. Kafin in isa tsakar gida kan famfon ya tsinke daga wuyansa, ruwa na feshi har kan buhun masarar da ke ƙarƙashin rumfa. Kwana huɗu muna jiran ruwan nan, ranar da ya zo kuma kwata ce ta sha rabinsa. Ni na ɗaura wannan kan famfo da hannuna, bai cika mako uku ba, kuma shi ne na uku da na saya tun ƙaramar salla.

Maigida direban babbar mota ne, tsakanin Ngaundare da Kusiri yake, sai ya yi mako biyu ko uku bai kwana gida ba. Ni ce da yara biyar da Inna, mahaifiyarsa, wadda ƙafa ta hana ta tashi. Duk matar da ke zaune a irin wannan gida ta san kiran mai gyaran famfo ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an nemo ƙanin maigida daga kasuwa ya zo ya tsaya, shi ma ya bar rumfarsa. In mai gyaran ya iso, ko durƙusawa bai yi ba zai ce, "Hajiya, wannan sai an fasa siminti." Ya karɓi kuɗin kaya, ya ce bari ya ɗauko kayan aiki, shi ke nan sai jibi. Na ƙarshen da na kira ya karɓi sefa 5,000 ladan hannu, da na duba aikin bayan tafiyarsa sai na tarar robar tayar babur ya yanka ya naɗe wurin, ya shafa siminti a kai don kada in gani. Kwana shida ta yi. Ban ce duka haka suke ba, domin wani dattijo daga cikinsu ne ya koya mini abin da na iya yau. Da ya ga yadda ake cin kuɗina sai ya ce, "'Yata, kawo kujera ki zauna ki kalli hannuna, wannan bai kai a kira mutum ba."

Kuma gaskiyarsa. Yawancin abin da ke lalacewa a gida bai fi ƙarfin mace ba, bai fi ƙarfin yaro ɗan sakandare ba. Ka fara rufe bawul ɗin da ke bayan mita, ka buɗe famfon da ya fi ƙasa ruwan bututu ya tsiyaye. Famfon da ke ɗiga, sau da yawa 'yar robar cikinsa ce ta cinye, ka kwance kan da sifana, ka canza ta, ka mayar. In za ka ɗaura sabon kai, ka naɗa farin tef ɗin teflon a kan haƙoran bututun ta ɓangaren da za ka murɗa, don in ka naɗa a baibai yana warwarewa tun kana ɗaurawa. Ka riƙe bututun da filaya a hannu ɗaya kana murɗawa da ɗayan, kada ka karya shi a cikin bango. In bututun roba ne ya fashe, ka yanke wurin da zarto daidai, ka goge bakin, ka tabbata ya bushe ƙarau, ka shafa gam ciki da waje, ka tura cikin mahaɗi ka riƙe, sannan ka bar shi sa'o'i kafin ka saki ruwa. In kana zargin yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ka rufe kowane famfo a gidan ka je ka tsura wa mita ido, in ɗan ƙaramin abin nan na juyawa, to ruwanka na tafiya wani wuri. Duk na koya, duk ina yi, na sayi sifana da filaya da zarto da kuɗin adashina.

To me ya sa har yanzu nake kwana cikin laka? Saboda abin da ake sayar mana ba kaya ba ne, cuta ce aka yi wa fenti.

Na ɗauki karyayyen kan famfon na duba shi da rana. A waje rawaya ne sumul kamar tagulla, a wurin da ya karye kuwa toka-toka ne, yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Tagullar gaske tana da nauyi a hannu, in ka kankare ta da ƙusa rawaya za ka gani har ciki. Wannan ko nauyin cokali biyu bai yi ba. Sefa 2,500 na biya, kuma sai da na tambayi mai shagon ido da ido ko mai kyau ne, ya ce ya fi wanda ke gidansa. Da na mayar masa guntayen a leda, ko kunya bai ji ba. "Hajiya, kayan da ya fita ba ya dawowa. Ƙila yaranki ne suka murɗa da ƙarfi." Ƙarfe biyu da rabi na dare, wane yaro ne a farke?

Ba kan famfo kaɗai ba. Akwai bututun roba na ruwan sha mai kauri wanda aka yi shi don ya jure ƙarfin ruwa, akwai kuma siriri na zubar da ruwan wanka. Wanda bai sani ba sai a miƙa masa siririn a kuɗin mai kaurin. Gam kuwa, ka buɗe gwangwani ka tarar ya daskare, ko ya tsinke kamar kunun da aka yi wa ƙari. Ga ranar Garwa, wadda a watan Maris da Afrilu zafinta ke haura digiri 40, bututun roba in yana fili rana na gasa shi har ya bushe, ɗan taki kaɗan ya tsage. Babu mai shagon da ya taɓa ce mini in binne shi ko in rufe shi, ai fashewarsa ita ce cinikinsa. Ina waɗanda aka ɗora wa duba ingancin kayan da ke shigowa kasuwanninmu? Albashin me suke karɓa? Talaka ya tara kuɗin gumi ya sayi abu sau uku, alhali da an bar na ƙwarai kaɗai a kasuwa sau ɗaya zai saya.

Sai kuma masu ba mu ruwan, waɗanda su ne tushen abin. Bututun da ruwa ke zaune cikinsa kullum ba ya wahala irin wanda ake cikawa ana zazzagewa. In an ɗauke ruwa iska ce ke cika bututu. In an sako shi da ƙarfi, ruwan ya koro iskar ya zo ya daki kowane mahaɗi da kowane kan famfo, wannan bugun da muke ji a bango ke nan. Yashi da tsatsa su biyo, su cinye robar famfo, su toshe abin da ke tsayar da ruwa a tankin bayan gida, ya yi ta malala ba a sani ba. Iskar nan kuma ta cikin mita take wucewa. Na tsuguna da fitila na ga mitata tana gudu, famfo a buɗe, ko ɗigo bai fito ba. Wata na ƙarewa takardar kuɗin ruwa ta zo, babu ragin ko sisi.

Na je ofishinsu da takardar. Bayan na yi awa biyu a kan benci, amsar ba ta wuce numfashi ɗaya ba: duk abin da ke bayan mita na mai gida ne. Na yarda, doka ce. To na gaban mita fa, na wa ne? A bakin layinmu bututunsu ya fi wata biyu yana tsiyaya, wurin ya zama tabki, agwagi na wanka, kuma dab da kwata yake. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, ta wannan tsagar ƙazantar ke komawa cikin bututu, in an sako mu tara mu ba yara. Waɗanda suka ga abin da kwalara ta yi a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2010 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Ni da na sa jarka mai lita 20 a ƙarƙashin famfona mai ɗiga na ga ta cika kafin asuba, hankalina ya tashi na gyara a ranar, don na lissafa lita 600 ke nan a wata ko da da dare kaɗai yake ɗiga. Su nasu da ke kwarara dare da rana, babu wanda ya zo ko da kallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a bakin kogin Binuwai muke. Daga kan gada kana ganin ruwa shimfiɗe, ga madatsar Lagdo can sama tana tare ruwa tun 1982. Amma 'yata mai shekara goma sha biyu ita ke bin 'yan ga-ruwa da sassafe kafin ta tafi makaranta, mu biya kuɗin jarka, mu biya kuɗin takarda, mu biya kuɗin gyaran abin da ruwan ya fasa. A faɗa mana ranar da za a ɗauke da lokacin da za a sako, wannan ma ya gagara? Da mun sani ai sai mu rufe bawul, mu buɗe shi a hankali in iskar ta wuce.

Jiya na ɗaura na huɗu. Na zaga shago biyar ina auna kowane kan famfo a tafin hannu, na kankare shi da ƙusa a gaban mai shagon yana harara, na biya kusan ninki biyu na kuɗin wancan, daga cikin kuɗin cefanen mako. Masarar da ta jiƙe na shanya ta a kan tabarma, rabinta ta fara tsiro. Inna ta kira ni daga ɗaki tana tambaya ko akwai ruwan alwala, na ce mata akwai, na tsiyayo mata ragowar ƙasan randa. Yau kwana uku ke nan ba a sako ba, bawul a rufe yake, ni kuma a tsakar gida nake shimfiɗa kusa da bututun don in ji tarinsa kafin ya iso.