Mun ɗauka miskilanci ne

Wallahi wani rahoto da na gani kan ciwon damuwa a tsakanin yara masu ƙanjamau ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ɗan yayata da cutar aka haife shi, amma sai da ya kai shekara 14 aka gaya masa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sanar da yaro tun yana ɗan firamare. Daga nan ya daina ƙwallo, abinci ma sai an yi da gaske. Ƙwayoyin maganinsa a cikin safa yake ɓoyewa kada abokansa na makarantar kwana su gani. Mu kuwa muka ɗauka miskilanci ne, Allah Ya yafe mana. A asibiti jini ake ɗiba a miƙo magani, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke ransa.