Yaron da ya saɓa umarnin kotu sau uku: a tambayi dalili kafin a tsare shi

A Ingila da Wales, inda ake iya gurfanar da yaro gaban kotu tun yana ɗan shekara 10, alƙali kan yanke wa matashin da ya yi laifi hukuncin da zai cika yana gida: ya riƙa zuwa wurin jami'in da ke sa ido a kansa, ya daina fita bayan wani lokaci da dare, wani sa'in ma da na'ura ɗaure a ƙafarsa. Tsarin da ake bi yanzu ya fara aiki a 2009. Idan yaron ya saɓa ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba, ana gargaɗinsa har sau biyu cikin wata 12, a karo na uku kuma a mayar da shi kotu. A nan alƙali zai iya cin sa tara, ko ya ƙara tsananta sharuɗɗan, ko ya sake hukuncin gaba ɗaya, kuma idan ya gamsu cewa da gangan yaron ya dage a kan saɓawa, ƙofar tsarewa a buɗe take.

Masu cewa a tsare shi suna da hujja, domin umarnin da ake takawa babu abin da ya biyo baya ya zama wasan yara, kuma wanda aka zalunta yana kallo. Amma a ganina kuskure ne a auna kowace saɓawa da mudu ɗaya. Ɗan shekara 15 da ya je ƙofar gidan wanda ya doka, bayan an hana shi, ya nuna haɗari ne a fili, kuma bai kamata a ɓata lokaci a kansa ba. Wanda kuwa na'ura ta nuna ya fita da tsakar dare, alhali gudu ya yi daga gidan da ake dukansa, ko wanda ya rasa ganawa uku saboda babu babba a gidan da zai tashe shi ya karanta masa takardar, matsalarsa daban ce. Sau da yawa sharuɗɗan ne aka jibga masa fiye da ƙarfinsa tun farko.

Mafi ƙarancin hukuncin tsarewa da horarwa a can wata 4 ne, rabi a tsare, rabi a waje ƙarƙashin irin sa idon da ya kasa bi tun da fari. Wata biyun nan sun isa su raba shi da makaranta, su haɗa shi da waɗanda suka fi shi gogewa a laifi. Shi ya sa sashe na 37 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ce tsare yaro ya zama mataki na ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci.

Kafin alƙali ya kai ga wannan mataki, ya dace jami'an da ke kula da yaron su ma su amsa tambaya a gaban kotu: sau nawa suka je gidansu, wane sharaɗi ne ya cika, kuma me suka sauya bayan gargaɗin farko.