Su sun yi yaƙi a kan bauta, mu mun yi gum

Mu da ke zaune a jihar Virginia mun san ƙurar yaƙin basasar Amurka ba ta gama lafawa ba. Sai a watan Satumba na 2021 aka sauke mutum-mutumin Janar Robert Lee, babban kwamandan sojojin 'yan awaren Kudu, a birnin Richmond, inda ya tsaya tun 1890, kuma har yau akwai masu ce maka wai ba don bayi aka yi yaƙin ba, don 'yancin jihohi ne.

Ban yarda ba. Jihar South Carolina ta ɓalle a Disambar 1860, makonni kaɗan bayan Abraham Lincoln ya ci zaɓe, kuma takardar da ta fitar ta ambaci bayi ƙarara. Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan awaren Kudu, da bakinsa ya faɗa a 1861 cewa an kafa gwamnatinsu ne a kan baƙin mutum ba daidai yake da farar fata ba. Bayi kusan miliyan 4 ake magana a kai, waɗanda guminsu ke noma audugar Kudu.

Shi kansa Lincoln haɗin ƙasa ya sa a gaba da farko. Sai bayan gumurzun Antietam a 1862 ya shelanta 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1863, baƙaƙen fata kusan 180,000 suka ɗauki bindiga a rundunar Arewa. Kafin Lee ya miƙa wuya a Appomattox a Afrilun 1865, an yi asarar rayuka sama da 600,000.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mu Hausawa muke jin wannan labari kamar bai shafe mu ba. Ai mu ma a da muna da rinji, wato ƙauyen bayi, muna da cucanawa, wato 'ya'yan bayi da aka haifa cikin bauta, bawa yana biyan ubangidansa murgu, wato kuɗin da zai bayar a bar shi ya yi aikin kansa. A Arewacin Najeriya sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya. A Nijar kuwa sai 2003 ta zama laifin da ake ɗauri a kansa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12.

Da ka taɓo zancen sai a ce maka tamu bautar ba irin tasu ba ce, bawan sarki har sarauta yake riƙewa. Gaskiya ne, akwai Shamaki da Ɗan Rimi a fadar Kano. To wanda aka kamo a hari aka raba shi da uwarsa fa? Yaran nan Amurka suna karanta tarihin bautarsu a aji, iyaye na ta jayayya a kan yadda za a koyar da shi. Mu a gida ba a aji ake tayar da zancen ba, sai ranar neman aure, in an je binciken asali, a hana yaro yarinya saboda kakan kakansa.